Filin Makanikai: tunda muka mayar da jirgin oga ruwa yake girgiza

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin jirgin ruwa ne suka taru, abinda ba kasafai muke taɓowa a filin nan ba, toh sai na haɗa su wuri ɗaya tunda duk ciwon nasu wajen farfela yake. Na farkon shi zai ci mana yawancin fili don aikin da yake tambaya a kai yana da tsawo.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ni makaniken mota ne a Kano na koyi aiki, yanzu ina Legas ina kula da jirgin ruwan ogana, irin mai tafiya da iska ɗinnan mai doguwar sanda da ƙyalle, jikinsa faiba ne tsawonsa kamar mita 10, amma yana da inji a ciki Yanmar mai silinda uku wanda muke tayarwa in zamu fita ko zamu shigo ko in iska ta ɗauke. Kwanaki aka ɗaga shi aka ajiye a tudu za a yi masa fenti a ƙasa, ni kuma naga injin sit ɗinsa, wato ƙafafun robar da inji ke zaune a kai, sun mutu robar duk gas ya cinye ta, sai na canza su duka huɗun na saita injin da shaf ɗin farfela a nan tudun har bol huɗun suka shiga ba gardama na ɗaure. Toh tunda aka mayar da shi ruwa in na sa giya na bashi wuta sai duk jirgin ya ɗau rawa, wajen da shaf yake fita ta jikin jirgi yana zafi baka iya riƙewa, kuma na fara ganin mai a bayan giyabos. Oga yace zai yi odar wata roba da ake sawa tsakanin faifan ƙarfe biyun da suka haɗa giyabos da shaf wai tana shanye girgiza. Ita ce maganin? Daga ƙaninka a Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce wa oga ya dakata da odar robar nan tukuna, kai ma ka daina sa jirgin a giya har sai an gyara, don man da ka gani a bayan giyabos alama ce sil ya fara ci, in aka ci gaba boris ne zai biyo baya, kuma kuɗin giyabos ba kuɗin roba bane.

Bari in faro daga abinda hannunka ya saba da shi. A mota farfela tana da kuros gaba da baya, shi yasa ko giyabos da aksul basu kalli juna daidai ba tana juyawa abinta, kuros ya shanye karkatar. Irin jirgin ogan nan ba kuros. Sanda ce guda ɗaya miƙaƙƙiya ta ƙarfe mara tsatsa, kaurinta a jirgi mai wannan girman inci 1 ne ko milimita 25 zuwa 30, ta taso daga bayan giyabos ta bi ta cikin bututu a jikin jirgi ta fita ruwa, can ƙarshe akwai wani bushin na roba mai tsaga-tsaga wanda ruwa ke ratsawa yana sanyaya shi, bayansa sai farfelar jirgi mai kunnuwa da ke tura ruwa. Bututun da bushin ɗin a kafe suke a jikin jirgi basa motsi. Abinda kawai ke motsi shi ne inji a kan ƙafafunsa huɗu. Kenan shaf ake bari a inda yake so ya zauna, inji ake kawowa wajensa. Duk wanda ya ja shaf ya kai wa inji toh ya fara aikin a juye.

Abu biyu ne suka haɗu a aikinka. Na ɗaya tudu. Jirgin faiba in yana tudu a kan ƙarfen nan mai nauyi na ƙarƙashinsa, wanda ke hana shi kifewa a ruwa, yake zaune, ga ƴan sandunan da aka tokare shi da su suna dannawa ta gefe, jikin sai ya ɗan lanƙwasa. Da ya koma ruwa sai ruwa ya ɗauke shi ta ko'ina, ƙarfen ƙasan ya rataya yana jan shi ƙasa, wayoyin da ke riƙe da doguwar sandar suna jan shi sama, siffar jikin ta canza. Ido bazai gani ba, amma mu nan lissafin ɗigon milimita muke yi. Saitin tudu na fara aiki ne kawai, na gaskiya a ruwa ake yinsa, bayan jirgin ya kwana aƙalla ɗaya a ciki, an ɗaure wayoyinsa yadda ake tafiya da su, tankin mai da na ruwa da kaya duk suna yadda suka saba zama. Da na katako ne ma sai an bar shi kwanaki ya sha ruwa ya kumbura.

Na biyu kuma shigar bol. Wallahi wannan ya yaudari makanikai da yawa. Ramin bol yana da ɗan sarari, sabon injin sit kuma roba ce mai laushi, shaf ma yana ɗan lanƙwasa, don haka da ka fara ɗaurewa sai su jawo juna su haɗe kamar komai lafiya, alhali da ƙarfi aka haɗa su, kuma ƙarfin nan bai tafi ko'ina ba, yana nan kullum shaf ya juya yana dannar boris ɗin giyabos da fakin ɗin da ke tare ruwa a inda shaf ya fita, wajen da kace yana zafi, da bushin ɗin waje.

Kafin ka taɓa sifana ka yi gwaji biyu masu arha. Ka tayar da inji a firi ka bashi wuta a hankali. In yana girgiza sosai a firi toh akwai wata matsalar ta inji kansa, ko injekta ko silinda ɗaya bata ci, ko kuma injin sit ɗin ba nasa bane. Na Yanmar suna da lamba a jikin robar da ke nuna taurinta, kuma a wasu injinan na gaba daban na baya daban, ka duba littafin injin ka tabbatar kowanne yana gurbinsa. Sannan a samu mai ninƙaya ya leƙa farfelar, inji a kashe makulli a aljihunka, don ruwan Legas ka san shi da leda da igiya da ciyawar ruwa, buhun leda ɗaya a jikin farfela ya isa ya sa jirgi rawa. In a firi shiru, farfela kuma tsaf, toh mu shiga saiti.

Ka cire kan batir, giya a firi. Ka samu kilif irin na tiyo ka ɗaure a jikin shaf daga ciki, tsakanin faifai da wajen fakin, ka bar ɗan tazara kamar yatsa biyu. Kuma in ka gama aiki kada ka cire shi, ka bar shi nan har abada, saboda in wata rana sukurorin da ke riƙe faifai da shaf suka saki aka sa ribas, farfela tana iya zare shaf ɗin ta yi baya da shi, ko ya tokare allon juya jirgi ko ya fice gaba ɗaya ya bar maka rami mai faɗin inci a ƙarƙashin ruwa. Jirage sun nutse ta haka.

Ka kwance bol ɗin faifai, ka tura shaf baya kaɗan, ka goge fuskokin biyu tas da sanfefa mai laushi, ba tsatsa ba fenti ba ƙura, don ɓarɓashin tsatsa ɗaya zai baka awon ƙarya. Yanzu ga wajen da mutane ke tsallakewa: da ka raba su kan shaf ɗin zai sunkuya saboda nauyin faifai, tunda can baya ne kawai yake da mariƙi. In ka saita inji da shaf a sunkuye ka saita shi da kuskure, shaf zai riƙa gugar ƙasan bututu. Ka kama shi da hannu ka ɗaga sama har ya tsaya, ka sauke ƙasa har ya tsaya, ka auna tsakiya, haka hagu da dama, sai ka tokare shi da guntun katako ko ka rataye shi da igiya a wannan tsakiyar. Da a tudu ne ma da sauƙi don zaka iya zame fakin ɗin ka ga bakin bututun da idonka, wannan shi ne amfanin saitin tudu, a ruwa kuwa kada ka kuskura ka cire tiyon da ya haɗa fakin da bututun.

Sai ka jawo shaf gaba. A tsakiyar faifai ɗaya akwai ɗan tudu da ke shiga ramin ɗayan, dole ya shige da hannu kawai ba duka ba dannawa. In yana karo a sama ko ƙasa toh inji gaba ɗayansa ya yi sama ko ƙasa, ka juya notin ƙasa na ƙafafu huɗun daidai wa daida har ya shiga. Notin ƙasa shi ke ɗagawa da saukewa, na sama na kullewa ne kawai. In ta gefe yake karo sai ka sassauta bol ɗin da suka kama injin sit da gadon inji, ramin nasu dogo ne don haka aka yi shi, ka tura injin da katako.

Da ya shiga sai a ɗauko fila geji, siraran ƙarafan auna giɓi, wannan dai da kake saita tafet da shi. Ka matse faifan biyu da hannu ba bol, ka zura geji a wuri huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, ka rubuta kowanne a takarda kada ka dogara da kai. Abinda muke nema bambancin da ke tsakanin wuri mafi faɗi da mafi matsi. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce 0.001 na inci ga kowane inci ɗaya na faɗin faifai, kenan faifai mai inci 4 kada bambancin ya wuce 0.004 na inci, a milimita kuma 0.1 ga faifai mai milimita 100. In ka samu ƙasa da haka ya fi.

Kafin ka motsa inji ka riƙe faifan giyabos ka juya na shaf rabin zagaye ka sake awo. In giɓin yana nan inda yake toh inji ne a karkace, ci gaba. In giɓin ya bi shaf ya koma ɗaya gefen, tsaya, ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Sudan a ƙasa.

Yadda zaka gane inda zaka tura kuwa, gaban inji ake kaiwa wajen da giɓi ya fi faɗi. Ya buɗe a sama, ɗaga ƙafafun gaba. Ya buɗe a ƙasa, sauke su. Ya buɗe a hagu, tura gaban inji hagu. Kuma kaɗan-kaɗan, bari in baka lissafi ka gani. A ce sama ta fi ƙasa da 0.3 a faifai mai milimita 100, tsakanin ƙafafun gaba da na baya kuma milimita 400, wato ninki huɗu na faɗin faifan, toh abinda zaka ɗaga gaba 0.3 sau huɗu ne, milimita 1.2 kenan. Zaren bol ɗin injin sit, in mai girman M16 ne, a zagaye ɗaya milimita 1.5 yake tafiya ko 2, kaga ko zagaye ɗaya cikakke baka buƙata. Ka sa alama da fenti a jikin noti ka riƙa juya kwatan zagaye ɗaya a lokaci guda, hagu da dama adadi ɗaya. Kuma ka sani duk sanda ka ɗaga gaba, bayan inji inda faifai yake zai ɗan sauka tunda a kan ƙafafun baya yake lilo, sai ka koma ka ɗan ɗaga na baya, ka sake awo, ka sake komawa gaba. Haka aikin yake, zagaye ne, yana iya cin wuni guda a wuri mai matsi da zafi kana kwance a kan haƙarƙari, kuma gaskiya ni ina ganin wunin nan ya fi kowane wuni da zaka kashe wa jirgin daraja.

Ka kula da abu biyu a ƙafafun. Dole huɗun su ɗau nauyi tare, don inji yana iya zama a kan biyu na kusurwa da kusurwa geji ya nuna daidai amma da an tayar ya fara rawa, zaka gane da sifana, notin da ya juya sakwaf ba nauyi toh wannan ƙafar hutawa take yi. Sannan kada ka bar inji a can saman dogon bol ɗin injin sit, in sai ka kai shi sama sosai kafin ya yi daidai gara ka yanka farantin ƙarfe ka sa a ƙarƙashin injin sit ɗin ka sauko da noti, don farfela ta cikin ƙafafun nan take tura jirgin gaba ɗaya, bol mai tsawo a waje lanƙwasa yake yi har ya karye. Tunda kana wajen ka gwada bol ɗin gadon inji, a jirage da yawa katako ne a cikin faibar, in ya ruɓe bol zai riƙa juyawa baya kamawa, kuma ba saitin da zai zauna a kan ruɓaɓɓen gado.

In awo ya yi, ka ɗaure notin sama da bol ɗin gado, ka sake awo, don ɗaurewar kanta tana motsa inji. Sai ka haɗa faifai ka ɗaure bol ɗaya nan ɗaya can tsallake-tsallake. A firi ya kamata ka iya juya shaf da hannu ba inda yake cijewa. Sabuwar robar injin sit tana zama, don haka bayan ƴan makonni ana aiki da shi ka sake kwancewa ka auna, daga nan kuma duk shekara da duk sanda aka fitar da jirgin tudu aka dawo da shi. Nan gaba ma in za a ɗaga shi ka raba faifan tun yana ruwa. Ka riƙa duba man giyabos, in sil ɗin ya riga ya ci zai ci gaba da zuba ko an yi saiti, sai an canza.

Robar oga kuma ba banza bace, tana rage ƙara, kuma in farfela ta daki wani abu ita ke fara mutuwa ta ceci giyabos. Amma bayan saiti ake sa ta. Ka kuma gaya masa kaurinta zai tura shaf baya, farfela ta yi nesa da bushin, kuma ba a son tazarar nan ta wuce kamar kaurin shaf ɗin kansa, wani lokaci sai an rage tsawon shaf. Sannan roba tana yanke wuta tsakanin inji da shaf, in jirgin ta nan yake haɗa farfela da ƙarfen zink ɗin da ke kare ta daga cin gishiri toh sai an sa ƴar wayar da ke tsallake robar.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina aiki a wani jirgin iska da ke kai baƙi masu nutso tsakanin Bur Sudan da Sawakin a Bahar Maliya. Igiyar masunta ta naɗe mana farfela muna cikin tafiya har inji ya mutu nan take. Mun yanke ta amma tun ranar akwai bugu a baya kamar ana ƙwanƙwasa. Na kwance faifai na auna da geji, nayi ta ɗaga inji ina saukewa, amma duk sanda na juya shaf giɓin sai ya canza wuri. Me ke faruwa?

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, ka ajiye sifana, gejin ya riga ya gaya maka. Giɓin da ke yawo tare da shaf ba laifin zaman inji bane, ko shaf ya lanƙwashe ko faifan ya karkace a kansa, kuma ko shekara zaka yi kana juya notin ƙafafu bazai tsaya ba tunda abinda kake bi yana zagayawa.

Inji da ke gudu a tsayar da shi lokaci ɗaya, ƙarfin sai ya fita ta wani wuri, kuma igiya in tana naɗewa tsakanin farfela da bushin jan shaf take yi baya da ƙarfin gaske har ta ja inji. Don haka wuri huɗu zaka duba. Injin sit, ka sa dogon ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa ka ɗan ɗaga, in roba ta rabu da ƙarfenta zaka ga ya taso ba gardama. Ƙarfen da ke riƙe bushin a waje in jirginku mai irinsa ne, ka duba ta ciki inda ya shiga jikin jirgi ko akwai tsagewa ko ruwa na tsattsafowa, in shi ya karkace toh layin shaf gaba ɗaya ya tashi daga wurinsa. Bushin ɗin kansa, igiyar nailan tana narkewa da zafi ta cusa cikin tsagoginsa ta toshe hanyar ruwa, in ka nutsa ka kama farfela ka jijjiga sama da ƙasa, in kaji ƙwas-ƙwas ya mutu, kuma ina zaton bugun da kake ji daga nan yake. Sai shaf.

In kana da agogon awo mai allura ka kafa shi ya taɓa shaf ka juya a hankali ka ga yadda allurar ke tafiya, in babu ko waya mai tsini ka ɗaure a wani abu kafaffe ta kusa taɓa shaf zaka ga tazarar tana buɗewa tana rufewa. Amma yawanci lanƙwasar can waje take kusa da farfela inda ba a gani daga ciki, don haka maganar gaskiya sai an fitar da jirgin an zare shaf an kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe sun ɗora sun auna. Ka kai musu da faifan da farfelar duka, su sa faifan a kan shaf su share fuskarsa a haɗe yadda zata tsaya daidai da sandar. Dan Allah kada wani yace zai miƙe maka shi da wutar walda da guduma, ƙarfen nan in ya sha wuta ba bisa ƙa'ida ba ƙarfinsa da juriyar gishirinsa raguwa suke yi, kuma ruwanku ya fi yawancin tekuna gishiri. Kafin a samu damar fitarwa ku yi tafiya da iska, inji sai wajen shiga da fita tsakanin duwatsun murjani, shi ma a hankali. In an zo mayarwa ka ba mai jirgin shawara a sa ƴar wuƙar nan mai yanka igiya da ake ɗaurawa a gaban farfela.

TAMBAYA: Malam ni a Yawuri nake, kwale-kwalen katako nake tuƙawa da injin Yamaha na ratayawa a baya, shi ma yana karkarwa in na ja wuta. Ni ma alaimen ɗin zan yi?

AMSA: A'a malam, naka inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya suke tun daga kamfani, ba abin saitawa. Ka cire farfelar ka duba ko kunne ɗaya ya lanƙwashe ko ya gutsure, shi ne yawanci. Tunda ka cire ka duba bayanta, zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a nan su yanke sil ruwa ya shiga giya, ka kwance sukurun man giyar ƙasa ka gani, in ya fito fari-fari ruwa ya shiga, a canza sil da mai. Ka juya sandar farfelar da hannu ka ga ko tana lilo. Sannan ka duba katakon bayan da injin ke kamawa da sukurorin matsewa biyun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a Ingila, mun sayi wani tsohon ƙaramin jirgin iska muna fita da yara. Ruwa yana ɗiga daga inda shaf ya shigo, maigidan yace zai ɗaure notin sosai ya tsaya, wani maƙwabcinmu a tashar kuma yace nasa jirgin ba ruwansa da saiti ko ɗiga. Ni dai tsoro nake ji saboda yara. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma ki ce wa maigida kada ya ɗaure shi tamau. In irin na da ne mai babban notin tagulla, a cikinsa akwai zoben igiya mai maiƙo, yawanci uku, da ke rungume da shaf, kuma ruwan da ke ɗiga shi ke sanyaya su. Ana son ɗigo biyu zuwa uku a minti in shaf na juyawa, in an tsaya kuma ya kusa ɗaukewa ko ya ɗauke. In aka matse ya bushe zai yi zafi ya ƙone igiyar ya ci rami a jikin shaf, daga nan ba notin da zai tsayar da ruwa sai sabon shaf. A ɗaure kaɗan, a yi tafiya ƴan mintuna a giya, a tsaya a sa hannu, ɗumi ba komai, zafin da hannu bazai zauna ba a sassauta. In an ɗaure har zare ya ƙare yana zuba toh igiyar ta tsufa, a canza ta, kuma da yake ku sababbi ne a yi wannan a tudu.

Abinda ni zan fi so ki duba da idonki shi ne guntun tiyon baƙar roba da ya haɗa notin nan da jikin jirgi. Shi kaɗai ne tsakaninku da teku. Kowane baki kilif biyu marasa tsatsa, robar ba tsagewa ba kumburi ba laushi, in ba wanda ya san shekarunsa a canza shi a fitarwa ta gaba. In kuma kun ga igiyar tana cinyewa ta gefe ɗaya ko an canza ba a jima ba ta sake zuba, toh shaf baya tsakiyar bututu, ku koma kan amsar farko.

Maƙwabcin naku kuma mai yiwuwa nasa irin wanda giya ke fita kai tsaye ta ƙasan jirgi ne da farfela a jikinta, Volvo Penta da Yanmar duk suna yinsa, wannan ba doguwar sanda ba saiti, amma akwai babbar roba da ta rufe ramin da ya fita, Volvo sun ce a canza tasu duk shekara 7. Ko kuma yana da Aquadrive, wanda ke da boris na musamman a kafe a jikin jirgi yana karɓar turin farfela da gaɓoɓi biyu masu lanƙwasa tsakaninsa da giyabos, shi ma sai an saita shaf da boris ɗin ranar da aka ɗora shi. Akwai kuma sil na zamani da baya ɗiga sam, in kuka koma irinsa ku tuna wasu daga ciki duk sanda aka mayar da jirgi ruwa sai an ɗan matsa bakin robar iska ta fita ruwa ya tsirto kafin a sa giya, in ba haka ba a bushe zai juya ya ƙone.